Kwalliyar ban tsoro sana'a ce, a daina yin ta da supa gulu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wani ɓangare na sana'ata wanda ba kasafai ake tattauna shi a jarida ba. Ni mai kwalliya ce a Kano. Kwalliyar amare ita ke riƙe da shagona, amma aikin da ya fi kwanta min a rai shi ne na lokeshan, inda darakta zai nuna min kyakkyawar yarinya ya ce yana son ta koma aljana, ko ya ce a tsufar da saurayi, ko a yi wa wani saran adda a goshi alhali ko ƙwarzane babu a jikinsa.

Duk shekara idan Oktoba ta kama, TikTok da Instagram sukan cika da bidiyon 'yan matan Amurka da Turai suna mayar da fuskokinsu irin na dodannin fina-finai, saboda bikinsu na Halowin da suke yi a daren 31 ga watan. Bikinsu ne, ba namu ba, kuma ban zo in yi masa talla ba. Sai dai yaranmu suna riƙe da waya, suna gani, suna kwaikwayo. Wasu don nishaɗi suke yi, wasu don gajerun bidiyon barkwanci, wasu kuwa da gaske suke son su iya aikin su shiga harkar fim. Da su nake magana, da iyayensu, da furodusoshin da suke ɗaukarsu aiki, domin abin da nake gani suna shafa wa fatarsu yana tayar min da hankali.

Kwanakin baya wata baiwar Allah ta shigo shagona da 'yar yayarta, budurwa da ba ta daɗe da gama sakandare ba, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Yarinyar ta so ta yi fuskar Freddy Krueger, mugun nan na fim ɗin tsoro mai ƙonanniyar fata da malafa da faratan ƙarfe. Ta ga Baturiya tana liƙa auduga da wani farin ruwa, ita kuwa ba ta da shi, sai ta aiki ƙaninta shagon unguwa ya sayo supa gulu. Supa gulu idan ya haɗu da auduga zafi yake ɗauka nan take, har hayaƙi yana iya tashi. Kuncinta ya ƙone, ta firgita ta fizge audugar, fata ta biyo ta. Sun zo ne in rufe musu wurin da fandeshan saboda ana biki a gidansu. Na ce su fara zuwa asibiti, ba a ɗora kwalliya a kan ɗanyen ciwo. Farin ruwan da ta gani a bidiyo ruwan roba ne da aka yi musamman don fata, idan ya bushe ɓare shi ake yi a hankali ya fita. Babu wanda ya faɗa mata haka, domin bidiyon minti ɗaya ba ya bayani, kiɗa kawai yake yi.

Wannan aiki yana da malamai, yana da tarihi, kuma wanda ya san tarihin ba zai yi wa fuskarsa haka ba. Lon Chaney ɗan wasan Amurka ne na zamanin da fim bai fara magana ba. Mahaifinsa da mahaifiyarsa duk kurame ne, don haka tun yana yaro ya saba isar da saƙo da fuska da hannu. Da kansa yake yi wa kansa kwalliya, daga wani ɗan akwati da yake yawo da shi. A fim ɗinsa na 1925, The Phantom of the Opera, ya baƙanta kewayen idanunsa har suka koma ramuka, ya ɗage kan hancinsa sama da siririyar waya don ƙofofin hancin su buɗe irin na ƙoƙon kan gawa, ya sa haƙoran ƙarya masu karkace. Kamfanin ya ɓoye hoton fuskar har ranar da aka fara haska fim ɗin. Wayar hancin nan ta wahalar da shi, kuma yau babu mai hankalin da zai gwada ta, amma dubi abin da ya gane: bai ƙirƙiro sabuwar fuska ba, ƙashin da ke ƙarƙashin tasa fuskar ya fito da shi fili.

Wanda na fi girmamawa a cikinsu shi ne Jack Pierce na kamfanin Universal, wanda ya yi fuskar dodon Frankenstein a 1931 a kan ɗan wasa Boris Karloff. Kowa ya san wannan fuska ko bai kalli fim ɗin ba: kai mai faɗi a sama, goshi a turo, ƙarafa biyu a wuya. Da auduga ya gina goshin nan da saman kan, hawa bisa hawa, yana jiƙa ta da wani ruwa mai ƙarfin wari da ake kira kolodiyon. Kullum sai an sake ginawa daga farko, kusan awa 4 Karloff yana zaune. Pierce ya ɗora kaki a kan fatar idon Karloff don idanun su yi nauyi su lumshe. Karloff yana da haƙoran ciko a gefe ɗaya na bakinsa, sai ya riƙa cire su yana zuƙe kuncin ciki, Pierce ya bi ramin da baƙi. Fentin da aka shafa masa kore ne mai toka-toka, ba don ana son dodo kore ba, sai don fim ɗin baƙi da fari ne, kuma wannan launi shi ke fitowa a kyamara da hasken fatar gawa. A shekarar da ta biyo, 1932, ya yi masa kwalliyar gawar Masar da aka naɗe da ƙyalle, aikin da ya ci kusan awa 8, kuma a fim ɗin 'yan mintuna kaɗan aka nuna shi a haka. Auduga ce dai irin wadda yarinyar nan ta ɗauka, amma a hannun mutumin da ya zauna ya karanci yadda ƙashi da tsoka suke a jikin ɗan Adam kafin ya taɓa fuskar kowa.

Saboda haka duk wadda ta zo koyo wurina, ranar farko ba ta taɓa fenti. Nakan sa ta wanke hannu ta rufe ido ta bi fuskarta da yatsu. Ta ji inda ƙashin gira ya ƙare kwarmin ido ya fara, ta ji loɓawar gefen goshi, ta bi ƙashin kunci har kunne, ta buɗe baki ta ji inda muƙamuƙi yake motsi, ta matsa hanci ta gane inda ƙashi ya tsaya guringuntsi ya karɓa. Ƙa'idar guda ce: abin da ka sa wa duhu yana komawa ciki, abin da ka sa wa haske yana turowa waje. A kwalliyar amarya da wannan ƙa'ida muke fito da kunci mu siranta hanci. A kwalliyar tsoro ita ɗin dai ce, sai dai a zurfafa ramukan da Allah ya riga ya yi, a ɗora haske a kan ƙashi, fuska ta rame ta yi kamar nama ya janye. Idan aka shafe gira da gam na takarda mai wankuwa da ruwa, aka bi da hoda har ta ɓace, wannan kaɗai ya isa ya sa uwa ta kasa gane 'yarta da kallo ɗaya. Kuma kada a yi gefen dama daidai da na hagu. Ido ɗaya ya fi ɗaya zurfi, gefen baki ɗaya ya ɗan sauka. Fuskar da komai nata ya lalace ba ta kai wadda abu ɗaya ne kawai bai zauna daidai ba ban tsoro, domin mai kallo yana ta neman abin da ke damunsa da ita.

Akwai matsalar da ta shafe mu mu kaɗai, wadda masu kwaikwayon bidiyon Turawa ba su lura da ita ba. Kusan duk waɗannan fuskoki an tsara su ne a kan farar fata. Pennywise, ɗan wasan dariyar nan mai cin yara a fim ɗin tsoro, fari fat aka shafe shi da jan zane daga baki zuwa ido. Yarinyar da aljani ya shiga a The Exorcist na 1973 an ɗashe fatarta ne aka bi da tsage-tsage. Ki ɗauki wannan farin fenti ki lafta wa baƙar fata, abin da zai fito mutum ne da ya shafa alli, wuya da kunne da hannu suna nan da launinsu suna tona asiri, mai kallo kuma dariya zai yi. Mu idan jini ya bar fuskarmu ba fari muke yi ba. Fatar dushewa take yi, sheƙinta ya tafi, ta yi toka-toka, leɓe ya bushe ya kwaɗe. Duk wadda ta yi jinyar mara lafiya ta ga wannan. To shi ake nema: a kashe sheƙin fata da hoda, a ɗora launin toka mai ɗan shuɗi sama-sama da soso, ba a shafe ba, a bar asalin fatar tana leƙowa. Haka ma alamar bugu a jiki. A jikin Bature wurin da aka buga yakan yi ja, ya koma shuɗi, ya koma ɗorawa. A jikinmu duhu yake ƙarawa, ya yi launin makuba mai zurfi, kuma kumburi da ƙyallin wurin su ne suke nuna shi fiye da launi. Don haka ni kan ɗan gina kumburin, in ɗiga gilisarin ya yi ƙyalli, maimakon in ɓata lokaci da jan fenti wanda kyamara ba za ta ma gani ba. Tsohon tabo kuwa a fatarmu sau da yawa tasowa yake yi ya yi kauri, ko ya fi kewayensa duhu ko haske. Wannan ilimi ba ya cikin bidiyon da suke kallo, yana jikin mutanen da muke zaune da su.

Sai maganar jini, wanda kowa ya fi ɗoki a kansa. A Psycho na Alfred Hitchcock, 1960, jinin da ya bi ruwan wanka ruwan cakulan ne, saboda a baƙi da fari ya fi jan ruwa kama da jini. Da fim mai launi ya kankama, Dick Smith, wanda ya yi kwalliyar The Exorcist, ya shahara da haɗinsa na ruwan sukarin masara mai kauri da kalar abinci. Nan gida nakan dafa zoɓo ya yi kauri sosai, in haɗa da ruwan sukari ko zuma, in sa jar kalar kek, in ɗan barbaɗa garin cakulan don ya kashe hasken jan. Ba ya cutarwa ko ya shiga baki. Amma zoɓo shi kaɗai yana karkata zuwa shunayya, kuma yana kama farin kaya, sai a sanar da mai kula da sutura tun da wuri. Jini ba launi ɗaya ba ne: na sabon yanka ja ne mai haske mai gudu, wanda ya jima ya yi duhu ya daskare, na jiya kuwa ruwan ƙasa ne ya bushe ya tsattsage. Idan labari ya ce an sari mutum da daddare aka tsince shi da safe, kuma na ga jini yana sheƙi yana zuba, na san mai kwalliyar ba ta karanta labarin ba. Yawun dodo kuwa, ban ga abin da ya kai yauƙin kuɓewa ba idan aka tace shi.

Yanayinmu ma sai an yi lissafi da shi. Ana yin ciwon ƙarya da jelatin da gilisarin, yana da araha, yana motsi da fata kamar nama. Amma a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, ga fitilun ɗaukar hoto, ga gumi, kafin a gama fitowa ɗaya ya fara narkewa yana zamewa. Sannan jelatin da yawa daga fatar alade ake yin sa, dole a duba kwali a nemi na saniya ko na kifi. Da hunturu ruwan roba yana saurin bushewa, abin da ke taimakawa, amma fatar 'yan wasa a bushe take, ɓare shi yana musu zafi idan ba a yi a hankali ba. Jinin sukari kuwa, a ƙauye, ƙuda da tururuwa yake kira. Wanda aka kwantar a ƙasa a matsayin gawa shi ya san wannan azaba.

Malam Edita, inda na fi so a ji ni shi ne maganar cutarwa, domin ko a Holiwud an yi asarar lafiya kafin a koyi hankali. A wurin ɗaukar The Wizard of Oz, wanda ya fito a 1939, an shafe ɗan wasa Buddy Ebsen da garin alminiyom don ya zama mutumin gwangwani. Ya shaƙi garin ya shiga huhunsa, aka kwantar da shi asibiti yana numfashi da ƙyar, aka ba wani matsayinsa. Margaret Hamilton, wadda ta fito a mayya, koren fentin fuskarta akwai tagulla a ciki. Wuta ta ƙone ta a fuska da hannu a wata fitowa, kuma dole aka goge fentin daga kan ɗanyar ƙunar don kada gubar ta shiga jininta. Wannan babban kamfani ke nan mai kuɗi. To ina ga yaron da ya ɗauki fentin bango, ko maka ta rubutu a allo, ko feshin fentin mota?

Kayanmu na gida ma ba duka ne lafiya ba, kuma na san wannan magana ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Kwalli na dutse, wanda ake rambaɗawa don a zurfafa idon aljana, yawancinsa dalma ce. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da rahoton wani jariri a Boston, ɗan iyaye 'yan Najeriya, da aka samu dalma a jininsa, aka bi sawu aka gano daga kwallin da aka kai masa daga gida ne, kuma da aka auna kwallin sama da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, bai kamata a yi mana dogon bayani ba. A yi amfani da gazal na kamfani mai lambar NAFDAC. Toka kuma, da ake shafawa don a yi fatalwa, idan ta haɗu da gumi kaifi take yi, ai da ruwanta ake yin sabulu. Farar ƙasa mai tsabta ta fi ta sauƙi a fata. Dayis ɗin da ake zana baƙin lalle da shi sinadarin rina gashi ne, yana tayar wa wasu ƙuraje masu ruwa ya bar zanen a matsayin tabo, don haka ba shi da wuri a fuska ko kaɗan. Ruwan roba na gaskiya ma ba kowane jiki ke karɓarsa ba. Wanda safar hannu ta asibiti ko balan-balan take sa shi ƙaiƙayi kada ya kusance shi, kuma ana samun wannan a wasu da ayaba ko fiya ke tayar musu da borin jini. Ba ya zuwa kusa da ido saboda warinsa yana yaji, ba ya hawa kan gira ko gashi sai an rufe su.

Mafi muni shi ne ɗan tabarau na roba mai launi da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido, fari ko ja, don ido ya koma na dodo. Yanzu ana sayar da shi a intanet da shagunan kayan kwalliya kamar ɗan kunne. A Amurka tun 2005 doka ta sa shi cikin kayan asibiti, ba a sayar da shi sai da takardar likitan ido, ko da na ado ne, domin idon kowa da girmansa. Wanda bai dace da ido ba yana kankare gaban ƙwayar, ƙwayar cuta ta shiga, a wayi gari da gyambo a ido. Na ga inda 'yan wasa biyu suka yi karɓa-karɓa da guda ɗaya, ana ɗauraye shi da ruwan leda. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Ni ba na sa wa kowa shi. Idan darakta ya nace, na ce a kai ɗan wasan wurin likitan ido, ko a gyara launin idon a kwamfuta wurin tace hoto.

Kuma wa ya ce sai da kayan tsada ake tsorata mutane? Fuskar Michael Myers a fim ɗin Halloween na 1978 fuskar roba ce ta wani jarumin talabijin, William Shatner, da aka saya a shago kan abin da bai kai dala 2 ba, aka fesa mata fari aka buɗa idanun. Japanawa a Ringu na 1998 sun razana duniya da mace mai farar riga da dogon gashi da ya rufe fuska, ido ɗaya kawai ke leƙowa. Tafiyarta mai ban tsoro da baya aka ɗauke ta, aka juya hoton. Wannan siffa ba daga Amurka suka aro ta ba, fatalwar tatsuniyoyinsu ce da wasanninsu na gargajiya, shi ya sa ta zauna musu.

Mu ma muna da namu. Yaran da ke tashe daga goma ga azumi, suna liƙa gemun auduga, suna cusa tsumma a ciki, suna shafa gawayi da farar ƙasa, kwalliyar sauya kama suke yi tun kafin mu san sunan Holiwud. Muna da Dodo na tatsuniya mai gashi buya-buya. Muna da labarin kyakkyawar matar da ake haɗuwa da ita da tsakar dare, komai nata ya yi, sai an kai ido ƙasa a ga kofato. Wannan ya fi kowane Pennywise shiga jikin Bahaushe, domin tun yana yaro yake jin sa, kuma aikin da yake buƙata kwalliyar amarya ce mai kyau da ƙafa guda biyu da aka ƙera da kyau. Amma sau nawa ake nuna aljani a fina-finanmu da hoda fari fat da jan-baki har kunne da gashin doki na kanti? Yara ma dariya suke yi. 'Yan'uwanmu na Kudu sun yi nisa a nan, irin su Hakeem Onilogbo da ya yi suna da wannan aiki kaɗai har yana karɓar lambobin yabo, kuma ba wani sihiri ya yi ba, zama ya yi ya koya.

Akwai inda nake ja da baya, kuma ina so masu koyo su yi tunani a kai. Fuskar Freddy an tsara ta ne bayan an duba hotunan mutanen da wuta ta ƙone da gaske. A unguwanninmu akwai matan da risho ko gas ya ƙone, akwai waɗanda kuturta ta taɓa, akwai zabiya, akwai yaran da ciwon noma ya ci musu fuska, har asibiti guda aka ware musu a Sakkwato. Idan kullum mugu a fim shi ne mai tabo, yaro zai fita waje ya ga mai tabo ya gudu, ko ya jefe shi. Idan labari na wanda ya ƙone ne, zan yi ƙunar da iyakar iyawata. Amma in ɗauki lalurar wani in mai da ita alamar sharri don kawai a firgita, wannan na daina karɓa, ko nawa za a biya. Haka kuma hoton ciwon ƙarya, duk wanda zai sa shi a intanet ya rubuta a jikin hoton cewa kwalliya ce. A ƙasar da ake fama da hare-hare, hoto ɗaya na saran ƙarya yana iya yawo a WhatsApp da sunan wani gari, ya tayar da fitinar da mai kwalliyar ba ta taɓa nufa ba.

Ga furodusoshi, roƙona lokaci ne. A The Exorcist, Dick Smith ya tsufar da ɗan wasa Max von Sydow, yana ɗan shekara 40 da 'yan kai, ya koma dattijo tukuf, ta hanyar miƙe fata, a ɗiɗɗiga ruwan roba, a busar, a sa hoda, a saki fatar ta yamutse da kanta, wuri bayan wuri. Sa'o'i yake ci. Mu kuwa sai a kira ki da safe a ce nan da rabin awa ana son tsohuwa mai shekara 80, rana tana tafiya. A ba mu labarin tun kafin ranar ɗauka mu karanta. A gwada kwalliyar a gaban kyamara da fitilar da za a yi aiki da ita, domin abin da ya yi kyau a madubi yana iya mutuwa a hoto. A tsara da lokutan salla, tunda roba da gam suna hana ruwa taɓa fata: ɗan wasa ya yi alwala ya yi Azahar kafin a fara, a ɗauki fitowarsa da wuri, a cire masa kwalliyar kafin lokacin salla ta gaba ya ƙure. A ware kuɗin cirewa kamar yadda ake ware na sawa, man zaitun ko man kaɗanya da ruwan ɗumi da tawul mai tsabta ga kowa, ba a bar yarinya ta tafi gida tana kankare fuska da sabulun wanki ba. Soso da burushi kuma ba a yawo da su daga fuska zuwa fuska ba wanki.

Wani abu da ya sa nake ganin girman Dick Smith shi ne bai ɓoye iliminsa ba. A 1965 har ɗan littafi ya fitar don yara masu son yin kwalliyar dodo a gida, da kayan da ba za su cutar da su ba. Wani saurayi da ya taimaka masa a aikin The Exorcist, Rick Baker, shi ne ya fara cin lambar Oska ta kwalliya da aka soma bayarwa duk shekara a 1982, kuma ya ci ta har sau 7. A wurinmu kowa ƙanƙame ɗan abin da ya sani yake yi, kada wata ta ƙwace masa kasuwa, sai yara su koma koyo a wurin bidiyon da ba ya magana da yarensu kuma ba a yi shi don fatarsu ba. Ina kira ga ƙungiyoyin masu shirya fim, irin su MOPPAN, su shirya bita ta musamman a kan wannan fanni, a gayyato likitan fata da likitan ido su zauna tare da mu. Ku kuma 'yan jarida, idan kun je lokeshan, ku ɗan wuce wurin jarumai ku leƙa inda mai kwalliya take zaune da akwatinta, ku tambaye ta me take shafa wa mutane, a ina ta saya.

Wadda kuma ta riga ta sayi ruwan roba ko gam na fata tana jiran ranar gwadawa, ta fara ɗiga kaɗan a cikin damtsenta ta bar shi ya kwana. Idan wurin ya yi ja, ko ƙaiƙayi, ko kumburi, kada ya hau fuskarta, kuma kada ta ba ƙawarta sai ita ma ta yi wannan gwajin.

Na gode da wannan fili, Malam Edita. Allah ya ƙara basira. Wassalam.

Taku mai karatu,
Wata mai sana'ar kwalliya, Kano